CIWON ƘODA A GASHUWA DA NGURU: SAI AN ƘIDAYA TALAKA KAFIN A YI MASA MAGANI

Duk wani mutumin Bade ko Manga da ke neman abinci a Kudu, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa samun irin saƙon nan daga gida ba: wane ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce ƙoda ce, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Sai a zagaya da kwano a zango, kowa ya jefa abin da Allah ya hore masa, a aika. Bayan 'yan makonni kuma sai a sake aikowa, ko dai neman ƙarin kuɗi, ko kuwa sanarwar rasuwa.

Wannan ba sabon abu ba ne a arewacin Jihar Yobe. Shekara da shekaru ke nan mutanen Gashuwa da Jakusko da Nguru da ƙauyukan da ke bakin kogin Yobe suna kukan cewa ciwon ƙoda ya yi musu yawa fiye da sauran wurare. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda aka daɗe ana kai masu wannan ciwo daga Borno da Yobe, su ma sun lura cewa masu zuwa daga ƙasar Bade sun fi abin da ya kamata a gani daga yanki ɗaya. Amma fa kuka daban, ƙidaya daban. Abin da ya daɗe yana damun wannan yanki shi ne, mutane suna ta mutuwa, alhali kuwa ba a bi gida gida an ƙidaya masu ciwon ba, balle a kama abin da ke haddasa shi.

ƘASAR RUWA A BAKIN HAMADA

Kafin a shiga batun ciwon, ya kamata mai karatu ya san yadda ƙasar take. Nguru ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, wanda ya iso garin wajen 1930, lokacin da gyaɗa da fatu da ƙaro suke tashe. Gashuwa kuwa, hedkwatar masarautar Bade, tana gabas da Nguru da kimanin mil 40. Tsakanin garuruwan biyu da Haɗeja akwai fadamun nan da aka sani da fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda yake gangarawa har Tafkin Chadi.

Wannan ruwa shi ne arzikin jama'ar wurin. Da shi ake noman shinkafa da alkama da barkono da albasa, a cikinsa ake su, a bakinsa Fulani suke shayar da shanu. Kifin banda da ake kaiwa kasuwannin Kudu, da yawa daga nan yake fitowa. To amma ruwan ba a nan yake farawa ba. Reshen Haɗeja tun daga Jihar Kano yake tasowa, inda aka datse shi da madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kuma a hanyarsa yana ratsa unguwannin masana'antu da majemu da manyan gonakin noman rani. Ga shi kuma ƙasa ce mai tsananin zafi, domin a watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40. Manomi da masunci da mai yankan itace duk a cikin wannan rana suke wuni.

YADDA CIWON YAKE SHIGOWA A ƁOYE

Ƙoda biyu Allah ya yi wa ɗan Adam, kowacce girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. A cikin kowacce akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Aikinsu shi ne tace jini dare da rana, su fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari, su daidaita gishirin jiki da hawan jini, su kuma taimaka wajen ƙera jini. A kwana ɗaya ƙodojin mutum mai lafiya suna tace ruwa kimanin lita 180, su mayar da kusan dukansa cikin jiki.

Mugun halin ciwon ƙoda shi ne ba ya sallama. Mutum yana iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa yana nan yana noma, bai ji komai ba. Likitoci sun kasa ciwon mataki biyar. Sai a mataki na huɗu ko na biyar alamu suke bayyana sosai: kumburin ƙafa da fuska, kasala, ƙarancin jini, tashin zuciya da amai, ƙaiƙayin jiki, da raguwar fitsari. A lokacin kuwa aikin gama ya riga ya gama, domin matatar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Abin da ya rage sai wankin ƙoda da na'ura, wanda bisa ƙa'ida sau uku ake yi a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, ko kuwa dashen wata ƙodar.

A yawancin duniya manyan abubuwan da ke kashe ƙoda biyu ne, watau ciwon sukari da hawan jini, kuma sun fi kama waɗanda suka manyanta. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, a wasu yankunan karkara masu zafi ana samun manoma majiya ƙarfi, waɗanda ba su da sukari ba su da hawan jini, amma ƙodarsu ta lalace. Wannan shi ne suke kira ciwon ƙoda wanda ba a san musabbabinsa ba, kuma shi ake zargin yana ɓarna a ƙasar Bade.

BA YOBE KAƊAI BA CE

A ƙasar Nikaraguwa da ke Amurka ta Tsakiya akwai wani gari da ake kira Cicigalfa, inda ake noman rake. Maza masu saran rake sun mutu da ciwon ƙoda da yawa, har aka laƙaba wa wata unguwa a wurin suna Tsibirin Zawarawa. Maƙwabciyarta El Salbado ma haka abin yake, kuma likitocin can ne suka fara bayyana lamarin a rubuce a 2002. A ƙasar Siri Lanka tun cikin shekarun 1990 aka lura da irin wannan ciwo tsakanin manoman shinkafa na lardin Arewa ta Tsakiya. A Indiya kuma akwai yankin Uddanam na Jihar Andhra Pradesh.

Idan mai karatu ya duba da kyau zai ga abu ɗaya ya haɗa waɗannan wurare da Gashuwa: dukansu ƙasashen zafi ne, dukansu kuma na manoma ne talakawa. Ba a jin wannan ciwo ya addabi unguwar masu kuɗi a ko'ina. Shi ya sa masu binciken lafiyar jama'a suke lissafa shi cikin cututtukan da ke nuna bambancin da ke tsakanin mai shi da mara shi.

Tarihi kuma ya nuna irin jinkirin da akan yi idan ciwo na ƙauye ne. A ƙasashen Balkan na Turai, watau irin su Sabiya da Bosniya da Bulgeriya da Romaniya, an gano wani ciwon ƙoda a wasu ƙauyukan bakin kogi tun cikin shekarun 1950. Sai a 2007 aka samu ƙwaƙƙwarar hujja cewa wata ciyawa ce mai dafi da ke tsirowa cikin gonakin alkama, 'ya'yanta suna shiga cikin garin da ake yin burodi. Shekara hamsin ke nan ana binne mutane. A Japan ma, manoman shinkafa na lardin Toyama sun daɗe suna fama da ciwon ƙashi da ƙoda kafin gwamnati ta amince a 1968 cewa gubar wani ƙarfe ce da ake kira kadmiyam, wadda ke malalowa cikin kogi daga wurin haƙar ma'adinai.

ABUBUWAN DA AKE ZARGI

A game da Gashuwa, zargi na farko da ke bakin kowa shi ne ruwa. Malaman kimiyya na jami'o'in yankin sun sha ɗibar ruwan rijiyoyi da na burtsatse da na kogi, da kifi da kayan lambu, sun auna, wasu kuma sun ba da rahoton samun ƙarafa masu guba irin su kadmiyam da dalma. Ba a raina wannan zargi, domin 'yan Arewa ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Amma fa samun guba a cikin kwalbar ruwa abu ɗaya ne, tabbatar da cewa ita ce ta kashe ƙodar wane kuma wani abu ne daban. Sai an auna jikin masu ciwon da na marasa ciwon, an ga bambanci, kafin a yanke hukunci.

Zargi na biyu shi ne zafin rana da ƙishirwa. Wanda ya wuni yana aikin ƙarfi cikin rana, gumi yana zuba, ba ya shan isasshen ruwa, ƙodarsa tana samun ɗan rauni. Idan abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, raunin sai ya zama tabo. A Amurka ta Tsakiya wannan bayani ne ya fi ƙarfi, domin a wani babban kamfanin sukari na Cicigalfa da aka tilasta ba leburori ruwa da inuwa da hutu a kan kari, an ga raunin ƙoda ya ragu ƙwarai.

Na uku shi ne magungunan feshi na kashe ciyawa da ƙwari, waɗanda yanzu suka cika kasuwannin ƙauye. Sau da yawa za a ga yaro ya goya tankin feshi ba takalmi ba safar hannu, in ya gama kuma a ɗauraye jarkar a zuba ruwan sha. Na huɗu shi ne shan ƙwayoyi barkatai. Manomi ya dawo gida jiki ya yi tsami, sai ya aika kemis a haɗo masa maganin gajiya, a ciki kuwa akwai irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda likitoci suka tabbatar yawan shansu yana cutar da ƙoda, musamman ga wanda jikinsa ya bushe da ƙishi. Haka kuma wasu jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Akwai kuma batun gado. A 2010 masana suka gano cewa wasu nau'o'in wata ƙwayar halitta da ake kira APOL1 suna kare mutum daga ciwon barci na ƙudan tsando, amma suna ƙara masa haɗarin ciwon ƙoda. Wani babban bincike da aka yi kan mutum fiye da 8,000 a Nijeriya da Ghana, aka buga a 2024, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka auna suna ɗauke da nau'in mai haɗari ta wajen uwa da uba duka. Sai dai wannan gado ya bazu a Afirka ta Yamma, saboda haka shi kaɗai ba zai bayyana dalilin da ya sa abin ya taru a bakin kogi ɗaya ba. Mai yiwuwa ne abubuwa biyu ko uku ne suka haɗu suka yi wa jama'a taron dangi.

ME YA SA AKA DAƊE BA A SANI BA?

A nan ne batun rashin daidaito yake fitowa fili. Yawancin abin da aka sani game da ciwon ƙoda a Nijeriya daga littattafan asibiti aka samo shi. To, wane ne yake shiga littafin asibiti? Sai wanda ya iya biyan kuɗin mota da na kati da na gwaji. Daga Gashuwa zuwa Damaturu ya fi mil 100, zuwa Maiduguri kuwa ya kusa mil 200. Masuncin da ke wani tungan bayan Dagona, wanda ya kumbura ya rasu a ɗakinsa aka ce sammu ne ko ciwon daji, babu littafin da ya san da shi. Ga shi kuma ba kasafai ake rajistar mutuwa a karkara ba, balle a rubuta sanadinta. Wanda ba a ƙidaya shi ba kuwa, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Har ma'aunin da ake auna ƙodar ma ba da jikin baƙar fata aka tsara shi ba. Likita yakan auna wani datti a cikin jini da ake kira kiriyatinin, sa'an nan ya yi lissafi ya gane ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lissafin ya tsaya ƙasa da 60 har wata uku, akwai ciwo, in ya faɗi ƙasa da 15 kuwa ƙoda ta gaza. Amma wannan lissafi a Amurka aka ƙirƙiro shi. Tun daga 1999 akan ƙara wa baƙar fata maki a cikinsa, abin da ya sa ƙodarsu take fitowa kamar ta fi yadda take lafiya, har wasu suka makara wajen shiga layin dashe. Sai a 2021 likitocin Amurka suka soke wannan ƙari. A 2022 kuma wani bincike da aka yi a Malawi da Uganda da Afirka ta Kudu ya nuna lissafin kiriyatinin yana ɓoye masu ciwo da yawa a cikin 'yan Afirka. Watau ko talakan ya isa asibiti, mudun da za a auna shi da shi na wata kasuwa ne.

Saboda irin wannan ne wasu masana, cikinsu har da Farfesa Ben Caplin da Farfesa Neil Pearce na Landan, suka fito da wani tsari a 2017 mai suna DEGREE, musamman domin auna ƙarfin ƙoda a cikin al'ummomin da aka bari a baya. Tsarin ya ce kada a zauna jiran marasa lafiya a asibiti. A shiga gari, a zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a, masu ciwo da masu lafiya, maza da mata, a auna su da ma'auni iri ɗaya, domin a iya kwatanta wannan gari da wancan, wannan ƙasa da waccan.

AIKIN DA AKA SOMA A YOBE

A 2021 aka buɗe wata cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda ake kira BioRTC. Wanda ya kafa ta ɗan jihar ne, Dokta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila. A 2023 Gwamna Mai Mala Buni ya je Landan ya gana da masana ciwon ƙoda, ciki har da malaman nan biyu da aka ambata, domin neman haɗin gwiwa. Daga nan ma'aikatan cibiyar suka shiga ƙasar Bade suna ɗibar jini da fitsarin jama'a, da ruwan da suke sha, da abincin da suke ci, suka kuma ɗebi na Damaturu domin a kwatanta.

Muhimmancin wannan aiki shi ne 'yan ƙasa ne suke yinsa, a cikin jihar, da harshen da jama'a suke ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma bincike irin wannan ba a gama shi da ɗiba ɗaya. Sai an koma an sake auna mutanen nan bayan watanni, an bi su shekara da shekaru, an ga wanda ƙodarsa take raguwa da wanda tasa ta tsaya, da abin da ya bambanta su. Wannan kuwa yana bukatar kuɗin da ba zai yanke ba idan gwamnati ta sauya. Akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, ya kamata a ce su ma suna tsakiyar aikin. Hakki ne kuma a kan masu binciken su koma fadar Mai Bade da masallatai da kasuwanni su gaya wa jama'a abin da aka gani a jininsu, kada labarin ya tsaya a mujallun Turai.

Ta fuskar jinya, gwamnatin Yobe ta yi shelar wankin ƙoda kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da Azare, da kuma na Ikko da Badun da Abekuta. Wannan sauƙi ne babba. Sai dai ko da wankin kyauta ne, akwai kuɗin mota da masauki da allurar ƙarin jini da abincin mai jinya, ga gona an bari ba mai nomawa. Nan ne ake sayar da shanu da fili da kwalekwale. Na'urar wanki tana jinkirta ajali ne da izinin Allah, ba ta toshe ramin da mutane suke faɗawa.

ABIN DA 'YAN CI-RANI ZA SU IYA YI

To, jama'a mazauna Kudu, kafin masana su kammala nasu, akwai abin da ke hannunku. Da farko, wanda ya tashi a wannan yanki, ko yana jin garau, ya je asibiti a auna masa hawan jini da sukari, a gwada fitsari, a kuma auna kiriyatinin, ko da sau ɗaya a shekara.  Idan an kama ciwon da wuri, akwai magungunan da ke rage masa gudu shekaru masu yawa.

Na biyu, mai dako da mai tura baro da ɗan acaba da mai aikin gini su sani cewa ranar Ikko ma rana ce. A riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya yi tsanani, a riƙa fakewa a inuwa, a kuma rage dogaro da haɗin kemis da jiƙon kwalba na tasha. In fitsari ya yi ja ko ya riƙa kumfa, ko fuska ta kumbura da safe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Na uku, kuɗin da ƙungiyoyin 'yan gari suke tarawa bayan ciwo ya ci ƙarfin mutum, da za a ware wani kaso a ɗauki nauyin gwajin iyaye da 'yan'uwa a gida, a saya wa masu feshi takalman roba da safar hannu, da an ceci rayuka fiye da yadda ake yi yanzu. Idan kuma masu bincike suka zo ƙauye neman jini da fitsari, a ƙarfafa wa dangi gwiwa su tambayi abin da za a yi da shi, in sun gamsu su ba da haɗin kai, domin wanda ya ɓuya ranar ƙidaya ya cire kansa daga rabo.

A watan Mayu na 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a kan lafiyar ƙoda, yana kira ga ƙasashe su ba da ƙarfi wajen rigakafi da gano ciwon da wuri. Ƙuduri a Janiba ba ya tace ruwan rijiya a Gashuwa. Abin da zai yi haka shi ne wakilan Yobe ta Arewa a majalisu, da sarakuna, da 'yan ƙasa na gida da na ci-rani, su dage da tambaya: mutum nawa ne suke da ciwon, a waɗanne garuruwa, me aka gano, kuma yaushe za a gyara? Mutanen Balkan sun jira shekara hamsin. Bai kamata mutanen Bade da Manga su jira haka ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.